Shekarar da Na Yi Jinyar Shahin

Zainabu, Mustafa, da ke auta Halima, na san kun sha jin wannan labari a bakin kawunku Sule, domin babu wani suna ko ɗaurin aure da za a yi a danginmu bai tayar da shi ba, cewa ubanku ya samu aiki a kamfanin gas a Katar ya ƙi zuwa saboda kare. Bai yi ƙarya ba. Amma rabin maganar ya sani, kuma ko a rabin nan yana ƙara gishiri. Yanzu da gwiwata ta fara ƙin tsugunno, na ga gara in rubuta muku da hannuna yadda abin ya kasance, domin ku biyu manya kun biya wani ɓangare na wannan shawara tawa ba tare da an tambaye ku ba, kuma kuna da haƙƙin ku san abin da aka saya da ita.

Lokacin na shekara huɗu a Doha. Shekarar farko gadi na yi a wani gini da ake ɗagawa, ina tsaye a rana har fatar goshina ta saɓule, sannan Allah ya haɗa ni da aikin tuƙi a wani gida a Al Aziziya. Maigidan dattijo ne da ake kira Abu Nasir, mutum mai ƙarancin magana wanda bai san wani nishaɗi ba sai farauta. A da yana da karnuka da yawa irin nasu na Larabawa da suke kira saluki, dogaye, sirara, masu zurfin ƙirji kamar barewa, amma da na zo saura guda ɗaya, Shahin, ja ne, bakinsa ya yi fari saboda tsufa. Ranar da dattijon ya ga yadda na riƙe kan karen ina duba haƙoransa, ya tambaye ni inda na koya. Na ce masa ubana mafarauci ne a ƙasar Ningi, a tsakiyar karnuka na tashi. Daga ranar ya daina kira na direba, ya koma kira na Ishaƙ, yadda harshensu yake iya faɗin Isiyaku. Duk lokacin sanyi mu uku muke fita sahara, shi da ni da Shahin a bayan mota da kansa a waje. Da Allah ya karɓi ran Abu Nasir, gidan ya koma hannun matarsa, wadda kowa yake kira Yumma, da ɗansu Nasir, wanda yake zaune a nasa gidan can gaba kaɗan, shi ne kuma kafil ɗina, wato sunansa ne a kan takardun zamana.

Ba a yi wata biyu da rasuwar ba Shahin ya fara lalacewa. Da farko mun ce kewa ce. Sai na lura yana shan ruwa kamar raƙumi, yana fitsari ba ƙaƙƙautawa, abin da ya ci kuma ya dawo da shi, bakinsa yana wani wari da ban taɓa ji a bakin kare ba. Haƙarƙarinsa ya fito har kana iya ƙirgawa daga bakin ƙofa. Nasir ya ce in kai shi asibitin dabbobi a Al Mirqab, shi ma zai biyo mu. Ina shiga da karen a hannuna ina lallashinsa da Hausa, sai na ji wata mata cikin farar riga ta ce:

"Sannu Malam. Kwantar da shi nan a hankali, kada ƙugunsa ya bugu."

Sai da na kusa sakin karen. Sunanta Likita Hadiza, mutuniyar Katsina, shekararta bakwai a wannan asibiti. Ta ɗebi jininsa, ta duba cikinsa da na'ura, muka jira. Da ta dawo ta yi wa Nasir bayani da Larabci, ta juyo ta maimaita mini da Hausa. Ƙodojinsa ne suka gaji, saura kaɗan suke aiki, kuma babu maganin da zai dawo da su. In aka bar shi haka, makonni ne, kuma makonni masu wuya. Nasir ba mugun mutum ba ne, ina so ku riƙe wannan. Ya ga yadda ubansa ya sha jinya, bai shirya ganin wata ba. Ya juya baya ya kalli bango ya ce:

"Khalas, ya isa haka, Likita. A yi masa allurar ya huta."

"Ana iya yi," in ji ta, "kuma wata rana ƙila ni zan ce muku lokaci ya yi. Amma yau bai yi ba. Har yanzu yana ɗaga kai idan wannan bawan Allah ya yi magana. Akwai wata hanya, ba ta warkarwa ba ce, ta sauƙaƙawa ce. Abinci na musamman, ƙarin ruwa a gida, maganin tashin zuciya, shimfiɗa mai laushi. Sai dai tana bukatar mutum guda wanda zai ba shi lokacinsa kullum, ba fashi."

Nasir ya ce sai ya ji ta bakin mahaifiyarsa. Muka dawo gida. Yumma tana zaune a falon mata cikin baƙaƙen kaya, ita ma ta rame tun rasuwar, masu aikin gidan sun ce ba ta cin abin kirki. Na tsaya daga bakin ƙofa. Da ta gama jin bayanin ɗanta sai ta ce a cikin gidan nan duka babu sauran mai jiran ƙarar motar Abu Nasir sai ita da karen nan, ba za ta sa hannu a kashe shi ba yana iya ɗaga kai. Nasir ya ce to wa zai yi aikin, masu aikin gidan tsoronsa suke ji, shi kuma yana da ofis. Ban shirya yin magana ba. Na dai ji bakina ya ce:

"Yumma, ni zan yi."

Ta dube ni ta ce, "Har ƙarshe, ya Ishaƙ?"

Na ce, "Har ƙarshe, in Allah ya yarda."

Kada ku ɗauka daga nan komai ya tafi daidai. Akwai busasshen abinci na masu ciwon ƙoda da asibitin ya ba mu, Shahin ya sansana ya kau da kai, kwana huɗu bai taɓa ba. Sai Likita Hadiza ta zo gidan da kanta bayan ta tashi daga aiki, da ƙaramin sikeli a jakarta, ta zauna a kan bokiti a bayan kicin ta rubuta mini abin da zan riƙa dafawa. Shinkafa da ta dahu luguf, kabewa, farin ƙwai ba gwaiduwa, ɗan naman cinyar kaza da kitsensa, ɓawon ƙwai da aka gasa aka daka ya zama gari, da ɗigon man kifi. Ba gishiri, ba albasa, ba tafarnuwa, ba ɗanɗano. Komai da awo, sau biyar a rana, kaɗan-kaɗan. Ta nuna mini yadda ake ɗaga fatar ƙeyarsa a soka allura a bar ruwa ya sauka daga leda, har ya taru kamar ƙaramin tozo ya baje. Hannuna da ya saba da sitiyari ya kasa soka allurar, sai da ta riƙe shi ta tura da kanta. Na dafa abincin yadda ta ce. Ya lasa sau biyu ya kwanta.

A nan ne na yi wautar da har yau nake jin kunyarta. A garinmu idan kare ya kwanta ciwo, hanta ake ba shi da romon ƙashi, haka na ga babana yana yi. Na ce a raina wannan likita ta yi karatu, amma ni a cikin karnuka aka haife ni. Na je na sayo hantar rago na dafa masa a ɓoye. Ya cinye tas har yana lashe kwano, ni kuma ina ta murna. Kwana uku ina yi. Rana ta huɗu ya yi aman da ya kasa tashi bayansa. Da aka sake ɗibar jininsa, Likita ta kira ni ofishinta ta rufe ƙofa.

"Malam Isiyaku, me ka ba shi?"

Na faɗa mata gaskiya.

"Karnukan babanka rauni suke samu a daji, ko yunwa, ko kaska. Hanta tana yi musu amfani. Wannan ƙodarsa ba ta iya tace abin da ke cikin hanta da ƙashi, dafi ka zuba masa da hannunka. In za ka yi aikin nan da ni, duk abin da zai shiga bakinsa sai na sani. Amma ba na so ka zubar da abin da ka sani. Faɗa mini, ban da hanta, me babanka yake yi wa karen da ya ƙi ci?"

Ba wanda ya taɓa yi mini irin wannan tambaya tun da na sauka ƙasar nan. Na yi tunani na ce mata babana ba ya ajiye wa mara lafiyan kare kwano ya tafi. Zama yake yi a ƙasa kusa da shi da nasa tuwon, yana ci yana miƙa masa da hannu, domin kare a cikin taro yake cin abinci, in ka bar shi shi kaɗai da kwano sai ya ɗauka an yar da shi. Kuma yakan ɗan ƙona kitse a garwashi domin ƙamshin ya tayar masa da sha'awa. Ta ce kitsen jelar rago ba laifi in bai wuce girman ɗan yatsa ba, in gwada. Na koma gida na shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin magaryar da ke tsakar gidan, da sassafe kafin rana ta yi ƙarfi. Na roƙi Yumma tsohuwar rigar sanyin Abu Nasir, wadda yake sawa in za mu sahara, na shimfiɗa wa karen. Na ɗumama abincin, na ɗiga masa narkakken kitsen, na zauna da burodina da shayina ina ci ina yi masa hira da Hausa. Ya cusa hancinsa a cikin rigar ya daɗe. Sannan ya miƙo wuya ya karɓi loma daga tafin hannuna, ya karɓi ta biyu, ya karɓi ta uku. A rana ta uku da fara haka sai ga Yumma ta fito da kanta, an biyo ta da kujera da butar gahawa da dabino. Ta ce in dai taro yake so, ita ma tana cikin taron. Daga ranar a nan take karyawa, kuma masu aikin kicin suka fara ce mini farantinta yana dawowa babu komai.

Muna cikin wata na biyu da wannan hali sai ga maganar aikin nan da kawunku yake ba da labari. Mu Hausawa masu gadi da tuƙi muna haɗuwa kowace Juma'a bayan masallaci a wani ɗaki a Mesaimeer, mu dafa shinkafa da wake mu ci a tire ɗaya. Babbanmu Alhaji Lawal ne, mutumin Gusau, wanda ya fi mu daɗewa, shi ne mai nema wa kowa aiki, shi ne mai zuwa asibiti in wani ya kwanta. Shekara biyu yana bin wani injiniya ɗan garinsu a kan maganata. Ranar ya tare ni tun daga bakin ƙofa yana dariya ya ce an samu, tuƙi a kamfanin gas, da ɗaki, da albashin da zai isa hukuma ta yarda in kawo iyalina. Sharaɗi ɗaya ne, in fara cikin kwana goma, in ba haka ba akwai mutum ashirin a layi. Na sanar da Nasir, ya ce ba zai tare mini arziki ba, zai sa hannu ya sake ni, karen kuma a yi abin da ya ce tun farko. Na kira mahaifiyarku. Rakiya ta yi guɗa a waya har na ji maƙwabta suna tambayar lafiya. Ke Zainabu kina da shekara shida, kin karɓi wayar kin tambaye ni ko jirgi yana da banɗaki.

Kwana shida na yi ina juya maganar. Na nemi wanda zai karɓe ni ban samu ba. Mun gwada mai kula da shukokin gidan, karen ya ƙi yarda ya taɓa ƙeyarsa, ya kwana bai ci ba. Likita ta ce ba za ta ce mini in zauna ba, ita ma uwa ce, ta san abin da raba gida yake nufi. Yumma ba ta ce mini komai ba, ko da ido ba ta roƙe ni ba, kuma wannan shirun nata ya fi mini nauyi. Na ce mata har ƙarshe a gaban ɗanta, kuma ba ta tilasta ni ba. Akwai kuma wani dalili da ban iya faɗa wa kowa ba a lokacin, zan faɗa muku yanzu. Shekara huɗu a ƙasar nan duk aikin da na yi, in na faɗi yau, gobe wani zai tsaya a wurin ba wanda zai lura. A ƙarƙashin magaryar nan ne kaɗai na ga abu yana rayuwa saboda abin da na sani da abin da hannuna ya iya. Ban san ko wannan dalili ya isa a ajiye mace da 'ya'ya biyu suna jira ba. Na dai san shi ne ya rinjaye ni.

Juma'ar da ta zagayo na faɗa wa Alhaji Lawal a gaban jama'a. Ya juyo ya dube ni.

"Isiyaku, maimaita in ji. Saboda me?"

"Saboda alkawari, Alhaji."

"Alkawari da kare?"

"Da mai karen."

"Shekara biyu ina zubar da mutuncina a ƙofar sa'an ɗan cikina saboda kai. Ka bar matarka da 'ya'yanka ka zauna kana dafa wa najasa shinkafa da ƙwai, abin da yaranmu a gida ba su samu ba?"

Maganarsa ta ƙarshe gaskiya ce kuma ta soke ni. Da aka sauke abinci, wani daga cikinsu ya ɗauko ƙaramin faranti ya zuba mini nawa daban ya tura gefe. Na ci, na wanke farantin, na yi sallama, ban sake komawa ba sai bayan wata goma. Maganar najasar ta dame ni har na kira malamin da ya karantar da ni a gida. Ya ce a mazhabarmu kare mai rai ba najasa ba ne, in wanke abin da ya sa baki a ciki yadda aka koya mana, in ware kayan sallata in zuciyata ba ta natsu ba, kuma in sani ciyar da duk wani mai rai akwai lada. Wannan ya kwantar mini da hankali ta ɓangaren addini. Ta ɓangaren Rakiya kuwa babu malamin da zai taimake ni. Da na faɗa mata ba ta yi ihu ba. Ta ce:

"Malam, na riga na sayar da akuyoyina na ɗinka wa yara kayan tafiya."

Ta kashe wayar. Wata bakwai in na kira sai ta miƙa muku ku gaishe ni, ita ba ta cewa uffan.

Haka muka shiga zafin Doha, wanda ko tsuntsu ba ya tashi da rana. Na mayar da Shahin ɗan ɗakin da ke jikin nawa inda akwai na'urar sanyi, na yi masa katifa da soso saboda ƙasusuwansa, ina juya shi, ina goge masa baki da auduga, ina fita da shi taku kaɗan bayan asuba. Na koyi karanta shi. In ya riƙa lasar leɓe, zuciyarsa ce take tashi, sai maganin amai kafin abinci. In ya gaji da kabewa sai in kira Likita ta ce in musanya da dankali, ta faɗi awon. Ita ce ta ce in zaɓi abubuwa uku da ya fi so a duniya in riƙa lura da su. Na zaɓi cin abinci daga hannu, da tashi ya tari Yumma in ta fito, da ɗaga kunne in ya ji an tayar da tsohuwar motar maigidan. Ta ce ranar da biyu daga ciki suka tafi ba su dawo ba, in kira ta, kada son da nake masa ya sa in riƙe shi cikin wahala. Makonnin da aka ce mana suka wuce. Wata uku, wata huɗu. Haƙarƙarin ya fara ɓuya, gashinsa ya dawo da sheƙi. Wata rana Likita ta dubi takardar jininsa ta dube ni, ta sake duban takardar, ta yi dariya ta ce ciwon yana nan bai je ko'ina ba, amma ya tsaya inda yake, kuma ta kira abokan aikinta biyu su zo su ga karen da suka yi wa sallama tun bazara.

Da sanyi ya shigo, Nasir ya zo gaishe da mahaifiyarsa wata safiya, sai Shahin ya taso daga gindin magarya da sassarfa ya je ya dafa shi. Nasir ya tsaya da makullin mota a hannu kamar an dasa shi. Yumma ce ta ce tana so a kai karen sahara. Na tambayi Likita, ta ce a je, amma kada a sa shi gudu, a bar shi ya yi abin da jikinsa ya ba shi. Muka tafi da tsohuwar motar, ni ina tuƙi, Nasir a gefena, Yumma a baya da kan karen a kusa da gwiwarta. Muka tsaya a wurin da Abu Nasir ya saba kafa tanti. Na sauke shi. Ya tsaya yana shaƙar iska, ƙafafunsa suna ɗan rawa, na ce a raina iyakarsa ke nan, kuma ya isa. Sai wani ɗan tsuntsu ya tashi daga cikin ciyayi. Ban ga lokacin da ya zabura ba. Na dai ga jan abu ya miƙe a kan yashi, cikinsa kusan yana taɓa ƙasa, kunnuwansa a kwance, kamar shekara goma ta zube daga jikinsa. Bai yi nisa ba, bai kama komai ba. Ya yi kwana ya dawo yana haki, harshe a waje, ya zube a ƙafafun Yumma. Nasir yana ta ihu yana kiran sunansa yana tsalle kamar yaro, hawaye yana bin gemunsa, sannan ya juyo ya rungume ni ya sumbaci goshina, abin da a al'adarsu babba ake yi wa. Ya ɗauki gudun a wayarsa, na tura wa Rakiya ban rubuta komai ba. Washegari ta kira da kanta.

"Wannan ne karen?"

"Shi ne."

"Wanda aka ce saura makonni?"

"Shi ne, Rakiya."

Ta ce, "To ai ka iya. Ka ci abinci kuwa? Na ga ka rame a hoton."

Shahin ya kai wata goma sha ɗaya. Da zafi ya fara dawowa ya daina tashi in Yumma ta fito, bayan kwana biyu kuma ya kau da kai daga hannuna, ko kitsen bai sa ya waiwayo ba. Na ƙara kwana ɗaya ina gwadawa, sannan na kira Likita kamar yadda muka yi. Yumma ce ta ba da izini da bakinta. Da hantsi ne, a gindin magarya, a kan rigar maigidansa, kansa a cinyata. Likita ta fara yi masa ta barci, ya yi ajiyar zuciya ya saki jiki, sannan ta yi ta biyun. Bai ko motsa ba. Muka kai shi gonar su Nasir a bayan gari muka binne. A hanyar dawowa Yumma ta ce mini daga bayan mota:

"Ka cika, ya Ishaƙ."

Kwana uku bayan haka na tashi da safe na ɗora shinkafa da kabewa, sai da na fasa ƙwai na ware gwaiduwa sannan na tuna babu mai ci. Ina tsaye da tukunyar ban san yadda zan yi da ita ba sai na ji hon a ƙofar gida. Likita Hadiza ce, ko sauka ba ta yi ba. Ta ce akwai wasu mutane a Mesaimeer da karensu yake da ciwon daji, kwana biyar bai ci ba, matar gidan sai kuka. Ta ce ta riga ta yi magana da shugaban asibitinsu da Nasir, asibitin yana so ya fara aikin jinyar gida ga dabbobin da ba za su warke ba, za su karɓi takarduna, su tura ni in yi kwas, amma wannan duk maganar gobe ce.

"Yau dai yalla, shigo mu tafi. Me ke cikin tukunyar nan?"

Na faɗa mata. Ta ce wannan na mai ciwon ƙoda ne, na yau wani awon za mu yi masa, amma in taho da ita mu gani ko zai sansana.

Aikin da nake yi ke nan har yau, shi ne ya yi muku makaranta. Alhaji Lawal da kansa ya aiko a kira ni cin shinkafar Juma'a, kuma a tire ɗaya muka ci, ko da yake har ya koma gida bai daina ce mini sarkin karnuka ba. Amma sai da aka ƙara shekara biyu cur kafin in samu takardar shedar da ta ba ni damar kawo ku. Shekara biyun nan ba zan iya mayar muku da su ba. Kai Mustafa da ka sauka a filin jirgi ɓuya ka yi a bayan zanen uwarka, ka ɗauki mako guda kana ce mini "mutumin nan". Wannan ma yana cikin kuɗin abin, ban manta ba.

Washegarin zuwanku na tashi zan dafa abincin karnuka uku da nake jinya a lokacin. Rakiya ta shigo kicin ɗin ta tsaya a bayana, hannu a ƙugu, tana kallon sikeli da takardun awo da na manna a bango. Har lokacin ba mu taɓa yin maganar karen ido da ido ba. Ta ɗauki ludayi ta juya tukunyar farko, ta ɗebo ta murza tsakanin yatsunta.

"Shekara uku kana wannan aiki, har yanzu kabewarka da gudaji? Mara lafiya zai haɗiye wannan? Matsa, Malam. Karanto mini awon."

Na matsa, na karanto mata.